Bakin Mayafin Muhibba

Ni dai tun farko na ce kada ta tsaya. Muhibba ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, na san ta kamar yunwar cikina: ko a gidan biki sai an nemo ta a lungu. To ina ita ina takarar kujerar iyaye a kwamitin gudanar da makaranta? Da ta ce min saboda ramin ne, sai na daina hana ta.

Makarantar tsohon gidan Turawa ce a nan Nasarawa GRA, aka mayar da ɗakunan azuzuwa. A bayanta akwai ramin ninƙaya na siminti da masu gidan suka bari. Da rani ba komai a ciki sai busasshen ganye, da damina kuwa ya cika da koren ruwa. A ciki aka tsamo gawar Nabiha, 'yar Muhibba ta fari, daminar bara waccan. Kwamiti ya zo gaisuwa, aka ce ƙaddara, aka kewaye ramin da langa-langa. Shi ke nan fa. Har yau kuma ƙanen Nabiha yana wannan makarantar.

Mu a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma Muhibba duk bokonta ta riƙe wannan kunyar gam. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ba ta riƙe hannunta a gaban mutane. Shi ya sa yarinyar ta koyi kama bakin mayafin uwarta ta hagu, tana biye da ita duk inda za su. Na sha yi wa Muhibba faɗa a kan haka, ta ce haka ta ga Inna ta yi da ni.

Abokin takararta Alhaji Zakari ne, mutum mai faram-faram, ga baki kamar rediyo. Shi so yake a gyara ramin, a sa masa tayil, yara su koyi iyo kamar a manyan makarantu. Ita kuwa magana ɗaya ta kawo: a cike shi da ƙasa.

Gida-gida muka bi neman ƙuri'a. Mun sha "Hajiya ba ta nan" a bakin masu gadi, alhali ga motar Hajiyar muna gani. Wasu suka ce ta bar tone-tone, haƙuri ya fi. A wannan yawon ne na lura mayafinta kullum zamewa yake ta hagu, musamman idan mun doshi titin makarantar. Na kai hannu zan gyara mata, na ce sai ka ce ba ta iya yafa mayafi ba. Ta riƙe hannuna.

"Bar shi, Yaya Raudatu," ta ce. "Ba zamewa yake ba."

Ban tambaye ta ba. Tsoro na ji, gaskiya.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a filin makarantar. Alhaji Zakari ya yi jawabi aka yi ta tafi. Da aka miƙa wa Muhibba lasifika sai ta ce, "Akwai wata yarinya," ta tsaya. Na ce a raina, faɗi sunan mana, baiwar Allah, yau ma kunyar? Ba ta faɗa ba. Ta ce a taimaka a cike ramin, ta mayar da lasifikar. Haushi ya kama ni har na ji kamar in mare ta.

Zaɓen na ƙato bayan ƙato ne: ɗan takara ya tsaya ya ba da baya, masu sonsa su yi layi a bayansa. Ni na fara zuwa bayanta. Shugaban makaranta ya ce in matsa gaba, wai na bar fili a tsakani. Na ɗaga ƙafa, wallahi ta ƙi. Wani sanyi ne a wajen, da warin ruwan da ya daɗe a kwance, ga rana ƙwal. Na duba ƙasa. Bakin mayafin a miƙe yake, a dunƙule kamar an damƙe shi, daidai tsayin yarinya 'yar aji biyu. Yana ɗiga.

Ban san ko wasu sun gani ba. Na dai san matan unguwannin Gama da Tudun Wada da suke kawo 'ya'yansu nan sun gane abin da ya tsaya mata a wuya, don su ma ba sa faɗin sunan 'ya'yansu na fari. Ɗaya ta bar layin Alhaji ta dawo bayana, sai wata, sai wata da ta jawo mijinta. Babu wadda ta ce a matsa gaba. Muhibba ta ci.

Ba a yi wata ba tifa ta fara kawo jar ƙasa. Muka je tare. Tana tsaye a bakin ramin, mayafin a miƙe, na ce ai sai ta gode Allah, burinta ya cika. Ta ce ta sani, ta kuma san abin da zai tafi tare da ramin, tun ranar da ta yanke shawarar tsayawa.

Da aka juye tifar ƙarshe, leburori suka baje ƙasar, sai na ga bakin mayafin ya saki. Ya sauko a hankali ya kwanta a jikinta, iska tana kaɗa shi kamar na kowa. Ta ɗan jira. Sannan ta sauke hannunta na hagu ta buɗe tafin, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

"Nabiha," ta ce.

Muka daɗe a tsaye, hannun a buɗe, har leburorin suka kwashe shebur ɗinsu suka tafi.