Ciwon Cikin Ciyaman

Ciyaman ɗin majalisar garin matsoraci ne, kuma tsoronsa ne ya kai mijin ƙanwarsa kurkuku. Masu cewa ƙaddara ce su ji tsoron Allah. Ƙaddara ba ta sa wa ƙofar banɗaki sakata ta ciki.

Dattawan da suka kafa majalisar, ciki har da mahaifin ciyaman ɗin, sun bar doka guda wadda kowa ya haddace: ranar zaman jama'a, talaka na iya miƙewa a zaure ya faɗi abin da ke cin ransa, kuma ba a kama mutum kan maganar da ya yi a ciki. Sai da suka sha ɗauri kafin su samo wa mutane wannan 'yanci.

Mai aski, mijin Auta ƙanwar ciyaman, ya ɗauki dokar da gaske. Ya miƙe ya ce wani ɗan kwangila yana kewaye filin taron jama'a da kwanon rufi, kuma da sanin manya, har ya kama sunaye. Yana sa ƙafa waje 'yan sanda suka yi awon gaba da shi, wai ya tunzura jama'a. Lauya ya ce wa Auta hanya ɗaya ta rage: majalisa ta tabbatar cewa a zaurenta aka yi maganar. In ta tabbatar, alƙali zai sallame shi. In ba haka ba, sai ɗauri.

Ranar zaman da za a yanke batun, Auta ta rufe keken ɗinkinta da zane, ta yi sammako gidan wanta. Ta tarar da shi gaban madubi yana gyara hula.

“Yaya, yau ce fa.”

“Haba Auta, mijinki ai ƙanena ne. Dubi kan nan, wa ya aske shi? Sai dai bakinsa ya fi almakashinsa kaifi.”

“Ba kan bakinsa na zo ba. Za ka tsaya masa?”

“Ni da nake kan kujera? Je ki dafa masa abin da yake so.”

Ta so ta yarda. Amma tare suka tashi ɗaki ɗaya, ta san shi tun yana ɓuya bayan randa in an fasa kwano a bar ta da shan bulala.

Zauren ya cika har taga. Fanka na juyawa ba iska, kansiloli na fifita da takardun gabansu. A wannan majalisa ba a ɗaga hannu, miƙewa ake yi tsaye, don dattawan sun ce wanda zai yanke wa gari hukunci gari ya ga fuskarsa. Magatakarda ya karanta batun. Rabi suka miƙe, rabi suka zauna suna kallon takalmansu. Kunnen doki ke nan, sai abin da ciyaman ya ce. Kuma a ƙa'ida, in aka buga ƙararrawar tashi ba a yanke ba, batun ya mutu sai wata shekara.

Ciyaman ya dubi ƙanwarsa, ya dubi layin gaba inda ɗan kwangila ya harɗe ƙafa yana wasa da makullin mota. Sai ya dafe ciki, ya yamutsa fuska.

“Ku gafarce ni, yanzu zan dawo.”

Wani daga baya ya ɗaga murya: “To, gudawar siyasa ta motsa!” Aka kwashe da dariya. Ba yau ya fara ba. Duk ranar magana mai nauyi cikin nan sai ya murɗa.

Auta ta kutsa cikin mutane ta bi shi. A ƙarshen baranda ta ji ƙarar sakata. Ƙofar ba ta kai ƙasa ba, tana hango takalmansa masu sheƙi daf da ita, suna fuskantar waje. A tsaye yake.

“Yaya, fito. Na san ba abin da kake yi.”

Ta ƙara matsowa jikin ƙofar.

“Ba faɗa za ka yi ba, ba jawabi ba. Miƙewa kawai, yadda kake tsaye yanzu. Ka zo ka yi ta a gaban mutane.”

“Auta, ba ki san mutanen nan ba,” ya ce ƙasa-ƙasa. “In na miƙe sun gama da ni. Ina da iyali.”

“Ni bishiya na aura? Me zan ce wa 'ya'yana? Kawunku na banɗaki?”

“Za a san yadda za a yi daga baya.”

“Baba ya kwana a kan siminti saboda dokar nan!”

“Baba ya mutu ba ko keke.”

Ta buga ƙofar da tafin hannu har ya yi zafi. Ta roƙe shi da Allah, ta roƙe shi da nonon da suka sha. Ta durƙusa a jiƙaƙƙen daɓen ta zura hannu ta kama bakin wandonsa, ya janye ƙafa. Mutane sun taru a baranda suna kallo, ba wanda ya sa kafaɗa a ƙofar. Su ma da nasu ciwon cikin.

Aka buga ƙararrawa. Sai a lokacin ta ji ya zuba ruwa, don a ce ya yi wani abu.

Alƙali ya ɗaure mai aski shekara uku. Auta ta sayar da kujerar askin, ta riƙe yaran da ɗinki.

Shi kuwa ciyaman, waɗanda ya ji tsoron nasu ba su bar shi ya ƙarasa wa'adinsa ba, suka sauke shi suka ɗora nasu. Mahaifiyarsu ta hana shi taka ƙofar gidanta, kuma har ta rasu ba ta sake amsa gaisuwarsa ba.