Hotunan Ranar Alhamis

Mai ɗinki tana ba Malama ruwan shayi da cokali sai waya ta yi ƙara. Ɗalibar Malama ce daga ɗakin bincike. Da yake hannun tsohuwar ya daina riƙe komai, mai ɗinki ce ta kara mata wayar a kunne.

Shekara tara katanga ɗaya ce tsakanin gidan Malama da na mai ɗinki. Malama ba miji ba ɗa, ƙarfinta ya ƙare a kan madubin ƙara girma, tana nazarin yadda halittun da ido ba ya gani suke rabuwa su yawaita. Ta sha yi wa maƙwabciyarta bayani da guntun zare: wasu sukan tsuke ƙugu su tsinke gida biyu, wasu ƙullutu ke fito musu a gefe ya ɓalle. Mai ɗinki takan ce ashe su ma zaman gandu ya gagare su. Amma akwai wasu da Malama ta ɗebo daga lakar tafki, ta yi ta kiwonsu har ciwo ya kwantar da ita ba ta taɓa ganin rabuwarsu ba.

Su ne ɗalibar ke cewa an kama su suna rabuwa, za ta kawo hotunan ranar Alhamis. Ta fara bayani, Malama ta tare ta.

"Kar ki faɗa min, 'yata. Da idona nake so in gani."

Ranar har ta shanye shayin. Ta roƙi mai ɗinki ta rage mata rigarta mai ruwan toka, don ba ta so yarinyar ta ga yadda ta rame.

Laraba da hantsi mai ɗinki tana kan keke, tana sauri ta gama hannun rigar. Da ta leƙa ta gwada wa Malama, ta kira ta "Yaya" sau uku. Shiru. Ta durƙusa a bakin gadon, allura na bakinta, ta kasa ko kuka.

Ɗalibar ta iso ranar Alhamis da hotunan a cikin ambulan, ta tarar da takalman masu ta'aziyya jibge a ƙofa. Nan ta sulale ta zauna a ƙasa.

Da mutane suka ragu, mai ɗinki ta zaro hoto ɗaya. Ɗige-ɗige ne kawai masu duhu. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ba ta san ta ina ake kallonsa ba. Ta ɗora shi a kan matashin Malama, inda shatin kanta bai gama tashi ba.