Hannun Daman Yaya

Ni da Yaya shafukan intanet muke gina wa mutane. Ofishinmu ɗaki ne guda a bayan gidansa, da tebur biyu, da fanka mai ƙara, da tagar da ba ta rufuwa sai an doke ta. Shi ke rubuta ƙashin aikin, ni in gyara fuskar shafi, in kuma sha surutun masu ba mu aiki, tunda shi ba ya ɗaga waya sai ya ga dama.

Tun da muka fara ba mu taɓa jituwa a kan edita ba, wato manhajar da ake rubuta kod, umarnin da ke gina shafi, a cikinta. Tawa irin ta kowa ce. Ka taɓa linzamin kwamfuta ta buɗe, ka yi kuskure ta ja maka jan layi, wani lokaci ma ta ƙarasa maka kalma kafin ka gama. Tasa kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Allo ne baƙi ƙirin, babu abin dannawa ko ɗaya a kansa, komai sai ka haddace. Shekara da shekaru yana ɗinka mata dabaru, har ta zama babu mai iya tuƙa ta sai shi. Ya danne maɓalli biyu da hagu, ya taɓa ɗaya da dama, sai ka ga an gyara fayil, an gwada, shafi ya hau intanet. Idan na yi ƙorafi sai ya ce, "Auta, taki ta yara ce, a baki take ba ki."

Ana nan sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye. Bayan an sallamo shi daga asibiti ƙafar ta fara dawowa da kyar, magana tana fita guntu-guntu. Hannun dama kam yana kan cinya, ba ya ko motsi.

Ni na riga na gama shawara a raina. Zan kwashe ayyukanmu duka in mayar da su cikin editata, in ci gaba ni kaɗai har Allah ya kawo sauƙi. Anti, matarsa, ita ta tare ni a kicin.

"Auta, ki rufa mini asiri," ta ce. "Tun da ya dawo bai tambayi abinci ba, bai tambayi kowa ba, sai kwamfuta. In ya ga an cire shi daga aikin nan, wallahi kwanciya zai yi, kuma ba na jin zai sake tashi."

"To Anti, da wane hannun zai yi?"

"Da naki mana."

Haka na zama hannun daman Yaya. Kowace safiya Anti ta riƙo shi ta zaunar a kujerarsa, ni in jawo tawa in manne a gefensa, a karkace. Ya danne nasa maɓallan da hagu, ya faɗi harafi, ni in danna. Matsalar ita ce harafin ba ya fita sosai. Ya ce ɗaya in ji wani, in danna, sai rabin fayil ya ɓace ɓat. Ya yi tsaki, ni ma in yi tsaki, mu koma neman yadda za a dawo da shi, wanda shi ma sai da hannu biyu. Gyaran da zan yi kafin shayi ya huce, sai mu wuni a kansa. Kafaɗata ta riƙe, wuyana ya sage, in koma gida kamar wadda ta yi dako.

Amma fa idan abu ya yi daidai, ka ga fuskarsa. Ya yi wannan dariyar tasa ta ɓari ɗaya, ya bugi tebur da hagu ya ce, "Kin... gani?" Ya fara cin abinci. Ya fara yarda a fita da shi tsakar gida ya taka. Anti har addu'a take bi na da ita zuwa bakin ƙofa.

Masu aiki kuwa ba su san wannan ba, kuma ba ruwansu. Makarantar da muka daɗe muna riƙe wa shafi ta janye ba ko sallama. Sai mai kantin magani ya kira, wanda shi ne babba a cikin waɗanda suka rage mana. Ya buɗe sabon reshe, yana so shafinsa ya riƙa nuna wane magani ke wane reshe.

"Malama, na ji abin da ya samu yayanki, Allah ya ba shi lafiya," ya ce. "Amma kullum sai ki ce gobe. Ki faɗa mini gaskiya, in ba za ku iya ba in nemi wasu."

Na ce masa za mu iya. Na ajiye waya na zauna ina kallon bango. Idan na ci gaba da editar Yaya, aiki zai ƙare a hannunmu. Idan na koma tawa, shi ne zai ƙare. Na gaji da zaɓi tun ban zaɓa ba.

Sai na yi abin da na ga ya fi sauƙi, na ɗauki duka biyun. Da sassafe, a gidana, in buɗe aikin a editata, in gama shi tsaf, in tura shafi ya hau. Sannan in ɗauki wani kwafi wanda ba a taɓa ba, in kai gidan Yaya, mu sake yin aikin nan da hannu biyu tun daga farko. Dabararsa ta tura aiki intanet kuma na karkatar da ita, ta riƙa zuba komai a wata folda da ba ta zuwa ko'ina. Idan ya ce a duba shafi, a duba a ga gyara ya hau, ya yi murna. Mai magani ya daina kiran ƙorafi. Ni kuma ina yin aiki ɗaya sau biyu kullum, ɗaya na gaske, ɗaya na jinya, kuma na jinyar ya fi cin rai.

Gajiya ce ta tona ni. Wata safiya na makara, ina sauri, na kwafo foldar gaskiya maimakon ɗayar. Ban lura ba sai da muka zauna. Editata tana da wata ɗabi'a, duk aikin da ta buɗe sai ta bar 'yar ƙaramar foldarta a ciki, inda take ajiye saitinta. A wurina ba ta ko nunawa. Ta Yaya kuwa ba ta ɓoye komai, ga ta nan a saman jeri.

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce in buɗe fayil ɗin da za mu yi aiki a kai ranar. Ya danne nasa, na danna nawa. Fayil ya buɗe a gyare, komai an gama, an jera layukan irin yadda tawa ke jerawa.

"Wannan," ya ce, "ba... tawa ba."

Na so in yi ƙarya, amma ko ƙarfin ƙirƙiro ta ba ni da shi. Sai haushi ya zo mini, wanda ban san ina ajiye da shi ba.

"Yaya, makaranta ta tafi. Mai magani ƙafarsa ɗaya a waje. Ni kaɗai ce, kafaɗata kamar ta cire. Me kake so in yi? Ka gina abin da babu mai iya taɓawa sai kai, yanzu kuma..."

Na katse maganar, amma ai na riga na faɗa.

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini. Ya tambaya a hankali, "Na jiya?"

"Na yi shi da safe."

"Na... reshe?"

"Shi ma."

"Duk?"

"Duka, Yaya."

Ya ce in buɗe masa shafin mai magani. Na buɗe. Ya jawo linzami da hagu, yana kuskure yana sakewa, ya shiga reshe ɗaya ya fita, ya nemi magani, ya duba ɗaya reshen. Ina zaune ina roƙon Allah ya samu wani kuskure, ko ƙarami ne, ya yi mini faɗa, ya ce sai an gyara da tasa. Bai samu ba.

"Ya yi... kyau," ya ce.

Ya koma kan baƙin allonsa. Ya ɗora yatsu biyu a kan maɓallan hagu ya danne, ya tsaya yana jira. Na san harafin da yake nufi, na rufe editar ne, don ko rufe ta ba ta yiwuwa da hannu ɗaya.

"Yaya, bari mu ɗan..."

"Danna, Auta."

Na danna. Ya sauke hannunsa ya ajiye a cinya kusa da ɗayan, ya kira Anti. Ta shigo tana goge hannu da zani.

"A'a, har kun tashi? Yau da wuri haka?"

"Mun gama," ya ce.

Ta ɗago shi tana murmushi, ta waigo ta yi mini alamar godiya da kai, suka fita a hankali, yana jan ƙafa. Na bi su da ido har suka shige cikin gida. Na zauna ni kaɗai a ɗakin, a karkace kamar yadda na saba, rana ko tsaka ba ta yi ba, kuma babu sauran aikin da ya rage mini a ranar.