Na Layin Baya

Inna ta kwance bakin mayafinta, ta zaro hoton daga cikin leda, ta ɗora a kan gilashin teburin mai hoto, amma ba ta ɗauke yatsanta daga kai ba. Babbar 'yarta da ta rako ta daga ƙauye ita ta yi bayani. So suke a ciro mutum ɗaya daga cikin waɗannan, a ƙara masa girma, a sa shi a firam.

Hoton bai fi tafin hannu ba. Sabbin sojoji ne ranar da suka gama horo, sun jeru layi-layi a gaban wani dogon gini, kaki iri ɗaya, hula ta rufe wa kowa rabin fuska. Shi kaɗai Auta ya aiko gida kafin a tura su bakin daga. Wani direba ne ya kawo, bai kuma nuna inda yaron yake tsaye ba. Wa zai ce sai an nuna wa uwa ɗanta?

Mai hoto ya gyara tabarau, ya tambayi wanne ne. Inna ta sa yatsa a kan wani dogo a layin baya. 'Yar ta sa nata a kan wani a layin tsakiya.

"Inna, dubi kunnuwan fa. Duk garinmu wa ke da kunne kamar marfin tukunya in ba Auta ba?"

Inna ta ce kunnuwan nan ita ta ja su har suka kai haka, ba za a koya mata su ba. Kafaɗa za a duba. Tun yana ƙarami yake ɗauko jarkar ruwa daga rijiya da hannun hagu, har kafaɗar ta sauka, tela ma ya sha yi masa tsiya a kai. Ga ta nan a layin baya, a karkace.

Wannan musun ba yau suka fara shi ba. Da can abin dariya ne, ana cewa bari ya zo hutu ya raba gardama da bakinsa. Bai zo ba. Wasu mutum biyu suka zo a mota, suka tsaya a ƙofar gida suka yi magana da kawunsa. Suka ce an binne shi can tare da abokansa. Suka bar wata jaka, ciki akwai silifas ɗinsa da tocila da wani cokali da ba na gidansu ba.

Abin da Inna ba ta faɗa wa kowa ba shi ne fuskar ta ɓace mata. Ƙeyarsa take gani. A kasuwa, a tasha, ko yau da safe a cikin motar da ta kawo su, wani saurayi a kujerar gaba, sai da ta danne hannunta a ƙarƙashin cinya don kada ta taɓa shi. In tana shara takan ji shi a bayanta yana jan takalmi a ƙasa kamar yadda ya saba, har ta buɗe baki za ta ce ya ɗaga ƙafa. Amma ya ƙi juyowa. Abin da ya kawo ta birni ke nan, tana son fuskar a bangon ɗakinta kafin muryar ma ta tafi.

Mai hoto ya sa hoton a na'ura, ya fito a fuskar kwamfuta. Ya jawo na layin baya, ya yi ta ƙara masa girma. Fuskar ta matso, ta matso, sai ta wargaje ta zama 'yan ɗigo-ɗigo, ba ido ba baki. Ya ce kada su damu, akwai yadda ake gyarawa, kwamfuta kan cike abin da ya ɓata. Yana cikin faɗa sai ya sosa gemu, ya kalli bangon da ke bayansu.

"Mama, ai na taɓa ganin hoton nan."

Ya ce da daminar bara wata mata ta kawo irinsa sak, daga wani ƙauye mai nisa. Ita ma wannan na layin bayan ta nuna, ta ce ɗanta ne. Ya yi aikin, ba ta dawo ba, ba ta kuma bar lambar waya ba. Sai da maganar ta fita ya ga fuskar 'yar, ya fara cewa wataƙila ma shi ya rikice, hotunan sojoji duk kama suke yi. Amma Inna ta riga ta juya.

Hoton yana can sama, tsakanin hotunan amare da na jarirai, cikin baƙin firam. Fuska sumul, ba ƙurji ba tabo, idanun ba su kallon kowa. An yanke shi daga wuya, babu kafaɗar. Inna ta tsaya a ƙarƙashinsa ta daɗe, tana jiran ƙirjinta ya ce mata wani abu. Bai ce shi ne ba, bai ce ba shi ba ne.

'Yar ta ce wannan dai ba ƙaninta ba ne, a yi musu mai kunnuwan kawai su kama hanya kafin mota ta cika.

Mai hoto ya ce, "In wannan kike so, Mama, ba sai kun jira ba. An riga an wanke shi."

"An wanke shi?"

"Tas. Ni da hannuna."

'Yar ta juya fuska wajen ƙofa. Tambayar da Inna ta aika kawu ya yi wa mutanen motar ke nan ranar da suka zo, ko an samu wanda ya wanke mata yaro kafin a sa shi a ƙasa, su kuwa suka sunkuyar da kai. Mai hoto bai san wannan ba. Ya ci gaba da yabon takardar, cewa ko ruwa ya taɓa ta ba za ta koɗe ba.

Inna ta ce ya sauko mata da shi. Ya hau benci ya ciro. Ta goge gilashin da gefen mayafi, ta juya bayansa, ta cire yanar gizo-gizo. Sannan ta tambaya yaya matar take. Ya ce za ta yi sa'ar Inna a shekaru, siririya, tana yawan tari. Inna ta gyaɗa kai. Ta kwatanta masa ƙauyensu, gidan da ke kusa da rijiya, ta ce in matar ta zo ya tura ta, akwai wurin kwana.

A cikin mota ta ɗora firam ɗin a cinya, ta rungume shi. Sai da suka fita gari 'yar ta matso kusa da kunnenta.

"Inna, in ba shi ba ne fa?"

"To ai uwarsa ba ta zo ba."

Ta taɓa mutumin da ke gefenta, ta ce don Allah ya ɗan janye buhunsa, yana danne yaron.