Ragowar Maganin Maimuna

"Inna Kulu! Inna, buɗe ido mana!"

Raihana ta girgiza kafaɗar tsohuwar maƙwabciyarta, sai kan ya langaɓe gefe. Hantsi ya yi, amma Inna Kulu, da take riga kowa tashi a unguwar, tana kwance tana jan numfashi ɗaya, sai an jima ta ja wani. Leɓɓanta sun yi duhu. A gindin gado ga kwalba, ga cokalin cin abinci.

Raihana ta gane ta. Kwalbarta ce.

Sati uku ke nan da aka sallamo 'yarta Maimuna daga asibiti a Daura, bayan an yi mata aiki a cinyar da ta karye. Nas ta nuna mata layi a jikin ɗan sirinji, ta ce, "Sunansa mofin, yana da ƙarfi ƙwarai. Iya nan za ki ba ta, kuma ita kaɗai. Abin da ya rage ki dawo mana da shi." Kwana huɗu Maimuna ta daina kukan ciwo. Garinsu Zango da Daura ba nisa, amma kullum Raihana sai ta ce gobe.

Jiya bayan la'asar Inna Kulu ta shigo tana dafa bango, ƙugu ya hana ta ko ruku'u. Ita ta riƙe wa Raihana gida duk zaman jinyar, har wankin yara.

"Ɗiyata, sam mini maganin nan da ya sa yarinyarki barci."

"Inna, sun ce ita kaɗai..."

"Na yara ne fa. Me zai yi wa tsohon ƙashi?"

Kunya ta hana ta musu. Ta miƙa kwalbar, sirinjin ko tuna shi ba ta yi ba.

Yanzu ihunta ya tara mata. Aka kira Badaru, ɗan Inna Kulu, daga gonar gyaɗa. Ya shigo da ƙasa a ƙafa yana cewa, "Hawan jinin nan ne ya tashi!" Raihana ta faki idonsu. Ta sunkuya ta tura kwalbar cikin hijabinta, ta bi su cikin mota, kan tsohuwar a cinyarta. Har Daura tana ƙirga numfashin.

"Ta sha wani magani?" likita ya tambaya yana haska idon Inna Kulu.

"Babu, likita," in ji Badaru.

Raihana ta dafa kwalbar da ke cikin hijabinta. Idan ta yi shiru, babu wanda zai taɓa sani. Ta dubi leɓɓan nan. Sai ta fito da kwalbar.

"Ni na ba ta."

Likita ya ɗaga kwalbar ya ga inda ruwan ya tsaya, ya ƙwala wa nas kira. Badaru ya juyo ya zuba mata ido.

Aka yi mata allurar karya ƙarfin maganin, ba da jimawa ba Inna Kulu ta buɗe ido. "Wash, ƙuguna," ta ce. Sai ta hango Raihana. "Ke kuma kukan me kike? Wa kika bar wa yarinya?"

Amma aman da ta yi cikin barci ya riga ya shiga huhunta. Zazzaɓi ya rufe ta. Ranar Laraba, ana kiran azahar, rai ya yi halinsa.

Raihana ta yi zaman makoki a can ƙarshen tabarma, ba ta iya ɗaga kai. Badaru ya wuce ta sau biyu a zaure, ko gaisuwarta bai amsa ba. Ran sadakar uku ta tuƙa tuwon dawa ta aika musu a kwano, ta zauna a tsakar gida tana jiran a dawo mata da shi yadda yake.

Har la'asar shiru. Can ta ji motsi a kan katanga, hannun namiji ya ajiye kwanon ya janye. Ta tashi ta sauko da shi. An wanke shi tas, da ɗanyar gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya a ciki, ƙasar gona ba ta gama bushewa a jikinta ba.