Rigar da Ta Sha Almakashi

Ranar da jikana Ƙwaro ya ɓata, ni mai furfura ban tsinana komai ba sai salati. Yaro ɗan shekara uku, yanzu yana wasa da zare a ƙofar shagon ɗinkin uwarsa, yanzu babu shi. Ubansa kuwa, ƙato guda, ya zura takalmi wari da wari zai bazama cikin kasuwa.

'Yata ta tare shi. "Baban Ƙwaro, ina za ka? Wuce wajen 'yan sanda yanzu, ba sai an jima ba. Inna, ke zauna nan, ko zai dawo da ƙafarsa."

Maƙwabta suka taru suna tambayar kamanninsa. Gajere mai kumatu, ai rabin yaran kasuwar ke nan. Hoton da ke waya kuma, mutum nawa za a bi ana nuna wa?

Sai 'yata ta ɗaga kai ta dubi doguwar rigarta da ke rataye, shuɗiya mai zanen kifi, sabuwa fil. Ta daɗe tana satar lokaci tana ɗinka ta, ko sau ɗaya ba ta sa ba. Da ragowar yadin ta yi wa Ƙwaro rigar da ke jikinsa a ranar. Ta fizgo ta, ta sa almakashi.

Na ce, "Ke, rigar taki?"

Ta ce, "Inna, yadi bai ƙare a kasuwa ba."

Ta yayyanka ta kamar tafin hannu, tana miƙa wa 'yan dako, masu babur, mai gyaran takalmi, duk wanda ya miƙo hannu. "Yaron da kuka gani da irin wannan, nawa ne."

Kafin rana ta karkata sai ga ɗan dako da Ƙwaro a kafaɗa. Wai mage ya bi har bayan tasha, wata mai sayar da albasa ta zaunar da shi, ta rasa ɗan waye sai da aka nuna mata ƙyallen.

A nan 'yata ta karɓe shi. Ta durƙushe ta ƙanƙame shi, ta yi kukan da ta riƙe tun safe.

Wuyan rigar kaɗai ya saura, kuma ni na ɗauke shi. Yana rataye a ɗakina. Duk baƙon da ya tambaye ni tsumman mene ne wannan, sai na gyara zama, na fara da cewa ni na haife ta.