Sa Hannun Mijinyawa

Kwana biyu ke nan ana jan bututun, ko gezau bai yi ba.

Tsohuwar rijiyar mai ce a tekun Dubai, ta ba da abin da za ta bayar ta ƙafe, yanzu rufe ta za a yi. Rufe rijiya kuwa ba ɗora murfi ba ne. Akwai bututun ƙarfe da aka zura mata tun ranar haƙa, wanda ma'aikata ke kira kesin, siminti ya riƙe shi daga ƙasa. Sai an sauke wuƙaƙe an yanke shi a saman inda simintin ya tsaya, a zaro shi, sannan a zuba sabon siminti ya toshe ramin. In an yanka a inda siminti ya kama, ko a tara injinan duniya ba zai fito ba.

Injiniya Wasila ce ta tsara yankan, kuma wannan ne aikin farko da kamfani ya damƙa mata ita kaɗai. Tsohon rahoton rijiyar ya ce siminti ya tsaya a zurfin ƙafa dubu uku, saboda haka ta sa aka yanka a sama da nan da ƙafa ɗari biyu. Wuƙaƙe suka yi aikinsu, inji ya ja har dandamalin aikin da ke kan ruwa yana kuka, bututu ya ce yana nan daram. Aka sake yanka, aka sake ja. Shiru.

Mai kula da kayan yankan Baba Mijinyawa ne, mutumin Gombe, shekara talatin yana yawo a wannan teku, saura wata huɗu ya ajiye aiki. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Ko shayi aka miƙo masa sai ya leƙa ƙasan kofin. Yaran aiki kan ce in Baba ya sa hannu a takarda, to an wuce wurin. Shi ma yana jin daɗin zancen, ko da yake yakan ɗaure fuska kamar bai ji ba.

Da hantsin kwana na uku labari ya zo daga ofishinsu na unguwar Port Saeed a cikin Dubai: za a yi taro ta bidiyo bayan azahar. Kowa ya san ma'anar hakan. Za a karɓe aikin daga hannun Wasila, kuma wanda aka karɓe wa aikin farko da wuya a ba shi na biyu. In aikin ya tafi, biza ta bi shi.

Baba ya same ta a ƙaramin ofishin dandamalin, ta tasa takardu a gaba, idanunta sun yi ja. Tausayinta ya kama shi, don sa'ar 'yarsa ce. Amma Baba ba ya iya tausayi sai da faɗa. Ya tambaye ta abin da ya hana ta sa a zura na'urar da ke auna siminti kafin a yanka, aikin rabin yini kawai. Ta ci gaba da juya takardunta. Ya maimaita. Sai ta juyo da tsohon rahoton ta ajiye a gabansa, kanta a ƙasa.

"Baba, na ga sa hannunka ne."

Ya duba. Rubutunsa ne, na ƙuruciya, haruffan a miƙe kamar sojoji. Ya duba kwanan watan. Rijiyoyin da ya yi aiki a kansu sun fi ɗari, ba ya iya rarrabe su, amma wannan rana ba ta ɓace masa ba: saura kwana biyu sunan Hafiz, ɗansa na fari.

Abin ya dawo masa tiryan-tiryan. A lokacin shi ne ƙaramin ma'aikaci mai cika rahoton siminti. Helikwafta ɗaya ce za ta zo a makon, in ta tashi babu shi, za a yanka rago a Gombe uban yaro yana tsakiyar ruwa. Sai ya yi dabara, ya cika rahoton tun kafin a gama aiki, ya kwafi lambobin da aka tsara, ya sa hannu. Yana ɗaure jaka ya ji shugaban aiki ya ce a ƙara siminti, don yana tsoron ramin zai shanye. Mijinyawa ya ce a ransa in ya dawo zai gyara. Da ya dawo wata rijiyar aka tura shi. Ya ci suna lafiya, har an yaba masa da ya iso a kan kari.

Ya mayar mata da rahoton. Ya fita ya tsaya a bakin ƙarfe yana kallon ruwa, zafi na dukan hularsa. Babu wanda ya sani. Shugaban aikin ya rasu tuntuni. In ya ja bakinsa, za a ce yarinya ce ta yi gaggawa, shi kuwa ya koma gida da sunansa fes. Gaskiya ita ce ya so ya yi shirun, ya so ƙwarai, har ya yi alwalar azahar yana shirya yadda zai lallashe ta bayan taro.

Manajan ayyuka ya bayyana a allo, wani Balarabe mai saurin magana. Ya ce yalla, wato a hanzarta, ba su da lokaci, a faɗa masa wanda ya zaɓi wurin yankan. Wasila ta buɗe baki za ta amsa. Mijinyawa ya riga ta. Ya ce lambar da ke rahoton ba gaskiya ba ce, shi ya rubuta ta, kuma ya faɗi dalili bai rage komai ba, har da ragon. Ya ce simintin zai kai ƙafa dubu sama da abin da takarda ta nuna. Yaran da ke yi masa kirari suka rasa inda za su sa idonsu. Manajan ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce khalas, wato shi ke nan, a auna, Wasila ta ci gaba da aikinta, shi kuma Mijinyawa zai zo ofis ya yi bayani a rubuce.

Aka auna, aka yanka a sama. Washegari bututun ya fito salin-alin, gaɓa bayan gaɓa, yana ɗigar da tsohon taɓo.

Kafin helikwafta ta zo ɗaukarsa, Wasila ta same shi da fayil ɗin rijiya ta gaba. Ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Baba, wannan ma kai ka sa hannu." Muryarta ta yi ƙasa. "Zan sa a auna."

Maganar ta soke shi, bai kuma ɓoye ba, don sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ya san wannan rahoton daidai yake, zai iya rantsuwa a kai.

"Ki auna, 'yata," ya ce.